Amanar Labari: Bayani ga Hakimai da Magatakardansu Game da Rubutun Jarida



An shirya wannan 'yar takarda ne domin a bayyana abin da ke sa rubutun jarida ya yi kyau, da kuma ka'idodin da ya wajaba mai ba da labari ya kiyaye. Watakila wani ya ce, ina ruwan hakimi da aikin 'yan jarida? Dalili shi ne, yawancin labarin ƙasa daga gunduma ya ke tasowa. In gobara ta tashi, ko annoba ta ɓulla, ko faɗa ya auku tsakanin manomi da makiyayi, mai unguwa ne ke fara ji, ya kai wa dagaci, dagaci ya kawo wa hakimi, magatakarda ya rubuta. Sa'an nan wakilin jarida ko na rediyo ya zo yana tambaya. Ruwan da ya gurɓace tun daga mafarinsa ba ya isa gari garau. Saboda haka ya kamata wanda labari ke fitowa daga hannunsa ya san yadda a ke gina shi, ya kuma san hakkinsa da na ɗan jaridar da ya zo gabansa.

Jarida ba ta da wani jari illa yardar mai karatu. Duk ka'idodin da za a ambata a nan, na harshe da na hali, domin tsaron wannan yarda aka kafa su.

Yadda jarida ta zo mana

Jaridar farko a ƙasar da ta zama Nijeriya ita ce Iwe Irohin, wadda wani Baturen mishan, Henry Townsend, ya fara bugawa da Yarbanci a Abekuta cikin 1859. A Arewa kuwa, sai cikin watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, a ƙarƙashin Hukumar Talifi wadda Dokta R. M. East ke shugabanta, Malam Abubakar Imam kuma shi ne editanta. Ɗaya daga cikin dalilan kafa ta shi ne jita-jitar da ta bazu gab da Yaƙin Duniya na Biyu, cewa wai Turawan Ingila za su miƙa Nijeriya ga Jamus. Mutane sun tsorata, ga shi babu wata kafa da za su ji ainihin magana da harshensu. Kwabo ɗaya a ke sayar da ita, sunanta kuwa alkawari ne ga mai saye, cewa abin da ke ciki ya fi kuɗin da ya biya.

Cikin 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, cikin 1948 ya fara buga Nigerian Citizen da Turanci. A shekarun 1950, zamanin Yaƙi da Jahilci, aka riƙa buga ƙananan jaridu na larduna, kamar Zaruma ta Sakkwato, da Himma ta Katsina, da Sodangi ta Kano, da Bazazzaga ta Zazzau. Ran 1 ga Janairu 1966 New Nigerian ta fito a Kaduna.

A wancan zamani masu karatun boko kaɗan ne. In jarida ta iso ƙauye, mutum ɗaya ke karantawa da ƙarfi a zaure ko a gindin bishiya, sauran suna saurare. Mai sauraro ba shi da ikon komawa baya ya sake duba layin da ya shige masa duhu, ba shi kuma da hanyar bincika ko abin da ya ji haka ya ke. Har yanzu wannan hali bai gushe ba, domin mutanen karkara da yawa ta kunne su ke samun labari, ko daga rediyo, ko daga bakin wanda ya karanta a waya. Don haka marubuci ya riƙa tuna wannan mai sauraro na zaure a kowane layi.

Ganau, jiyau da mai zato

Ka'ida ta farko, wadda sauran duk su ke rataye a jikinta, ita ce a raba abu uku: abin da mai rubutu ya gani da idonsa, da abin da aka gaya masa, da abin da ya ke zato. Na farko ya rubuta shi kai tsaye. Na biyu ya rubuta shi tare da sunan wanda ya faɗa, ko muƙaminsa. Na uku ya bar shi a cikinsa har ya sami tabbaci.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Aya ta 6 cikin Suratul Hujurati ta umurci muminai da su binciki labari kafin su yi aiki da shi, don kada su cuci mutane cikin rashin sani, su dawo suna nadama. Malaman Hadisi, irin su Imamu Buhari wanda ya rasu cikin shekara ta 256 bayan Hijira, ba su karɓi magana ba sai sun san wanda ya faɗe ta, da wanda ya ji daga gare shi, da ko mutanen nan biyu sun taɓa haɗuwa, da ko an san su da gaskiya da kiyayewa. Abin da ɗan jarida na kirki ke yi ke nan, sai dai shi a cikin yini ɗaya ya ke yinsa. Ya kan tambayi mai ba shi labari, "Kana wurin, ko kai ma ji ka yi?" In ya ce ji ya yi, sai a nemi wanda ya gaya masa, a yi ta bi har a iske ganau. In labarin mai nauyi ne, kamar na kisa ko na cin amanar dukiyar jama'a, ba a dogara da baki ɗaya. A kan nemi na biyu, wanda bai ji daga na farko ba, domin mutum goma da suka ji daga bakin mutum ɗaya shaida ɗaya ne.

Kalmomin "wai" da "an ce" da "ana raɗe-raɗi" ba sa wanke marubuci. Wanda ya buga ƙarya da "wai" a gabanta ya yaɗa ta, mai karatu kuwa ya kan manta da "wai" ɗin ya riƙe sauran.

Tambayoyi shida da jerin labari

Kowane labari ya kamata ya amsa tambayoyi shida: Me ya faru? Wa abin ya shafa? A ina? Yaushe? Ta yaya? Don me? Huɗun farko su kan samu nan da nan. "Don me" ita ce mai wuya, ita ce kuma inda zato ya fi shiga. In ba a san dalili ba tukuna, a ce ana bincike, kada a ƙaga.

Game da jeri, labarin jarida ya bambanta da tatsuniya, ya kuma bambanta da wasiƙar da magatakarda ya saba rubuta wa fada. Mai tatsuniya ya kan ɓoye ƙarshe don a yi ta saurare. Mai wasiƙa ya kan fara da gaisuwa da addu'a. Mai labarin jarida kuwa da mafi muhimmanci ya ke farawa, sa'an nan mai bi masa, har ya gangaro kan mafi ƙanƙanta. Dalili biyu ne. Mai karatu ya iya tsayawa bayan layi uku, to, ya zama ya tafi da ƙwayar maganar. Edita kuma in fili ya ƙure masa daga ƙasa ya ke yankewa, duk wanda ya ajiye muhimmin abu a ƙarshe ya sa shi a bakin almakashi.

Ga misali. A ce shanu sun shiga gona an yi faɗa, wani ya rubuto haka:

"A ranar Laraba mai albarka, Mai Girma Hakimi, uban marayu, bango madafar bayi, ya tashi da tawagarsa zuwa ƙauyen kaza, inda dubban jama'a suka tarye shi da murna. Bayan an sha ruwa an huta, aka sanar da shi cewa miyagun makiyaya sun afka wa bayin Allah, sun cinye gonaki ba iyaka, sun jikkata mutane da dama."

Wannan rubutu ya fara da abin da ba shi ne labarin ba. Ya yanke hukunci da kalmar "miyagu" tun alƙali bai zauna ba. "Ba iyaka" da "da dama" ba lissafi ba ne. Bai faɗi wanda ya ba da labarin ba, bai kuma ji ta bakin waɗanda ya zarga ba. Ga yadda ya kamata:

"An ji wa mutum biyu rauni ranar Talata da yamma a ƙauyen kaza, cikin gundumar kaza, a wani faɗa da ya tashi bayan shanu sun shiga gonar gero. Dagacin ƙauyen ya ce gonaki uku aka yi wa ɓarna. Malamin asibiti ya ce an sallami mutum ɗaya, ɗaya kuma yana kwance, yana samun sauƙi. Mai gonar ya ce da gangan aka kora shanun cikin gonarsa. Arɗon makiyayan ya ce an nome burtalin da suka saba bi. Hakimi ya kira ɓangarorin biyu zama ranar Alhamis."

Duk wanda ya ji na biyun ya san girman abin, ya san wanda ya faɗi kowace magana, ya kuma san hukuma ta shiga tsakani. Na farko in aka karanta shi a kasuwar maƙwabta ya isa ya sa matasa su ɗauki makami. Har ga shi kansa hakimin na biyun ya fi amfani, domin ya nuna aikin da ya yi, na farko kuwa kirari kaɗai ya yi masa.

Harshen jarida

A yi jimla gajera, kowace ta ɗauki magana ɗaya. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce marubuci ya karanta rubutunsa da ƙarfi. Inda numfashinsa ya yanke kafin ya kai aya, jimlar ta yi tsawo, ya raba ta biyu. A yi amfani da kalmar da manomi da malami duk za su gane. In akwai ta Hausa sananniya, kada a ɗauko ta Turanci ko ta Larabci don nuna sani. Kirari da zuga aikin maroƙa ne, suna da wurinsu a ƙofar fada, ba su da wuri cikin labari.

A kula da haruffa masu lanƙwasa. Bambancin kafa da ƙafa, da baki da baƙi, da bata da ɓata, da kasa da ƙasa, duk a kan ɗan ƙugiyar nan ya ke. Akwai kuma kalmomin da rubutu ba ya rarrabe su, sai furuci. In aka rubuta "an fasa taro", wani zai fahimci an ɗage shi, wani ya fahimci an tarwatsa shi da ƙarfi. Sai marubuci ya zaɓi "an ɗage" ko "an tarwatsa", ya hutar da mai karatu.

Suna da sarauta amana ne. A tambayi mutum yadda ya ke rubuta sunansa, a kuma tabbatar da muƙaminsa, kada a kira dagaci hakimi, ko a ba Madaki sarautar Galadima. Sunan gari ma haka. Tudun Wada akwai ta a Zariya, akwai a Kaduna, akwai a Jos, akwai kuma ƙaramar hukuma mai wannan suna a Jihar Kano. Wanda ya rubuta "Tudun Wada" kurum cikin labarin mutuwa ya tayar da hankalin gidaje a garuruwa huɗu.

Lissafi kuma a ba shi hakkinsa. In buhu 40 ne a ce 40, a kuma faɗi wanda ya ƙirga. In ƙiyasi ne a ce ƙiyasi ne. Yawan matattu shi ne lissafin da ya fi kowane haɗari, kada a ɗauke shi sai daga wanda ya ga gawa, ko asibiti, ko mai unguwar da ya halarci jana'iza. Kwanan wata a rubuta shi cikakke, domin "jiya" da "shekaranjiya" su kan canza ma'ana kafin takarda ta kai inda za ta.

Daga ƙarshe, labari dabam, sharhi dabam, talla dabam. Jarida tana da ikon faɗin ra'ayinta, amma a filin ra'ayi, da sunan ra'ayi. Abin da aka biya kuɗi aka buga kuwa, lalle ne a nuna wa mai karatu cewa talla ce.

Mutuncin mutane da zaman lafiya

Duk wanda labari ya zarga da wani abu, wajibi ne a neme shi a ji ta bakinsa kafin a buga, a ba shi lokacin da zai iya amsawa. In ya ƙi magana a rubuta cewa an neme shi ya ƙi. In ba a same shi ba a faɗi hanyar da aka bi. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ɗauki wanda a ke tuhuma marar laifi har sai kotu ta tabbatar da laifinsa, don haka wanda 'yan sanda suka kama "wanda a ke zargi da sata" ne, ba "ɓarawo" ba. Dokar Final Kod ta Jihar Arewa, wadda ta fara aiki cikin 1960, ta lissafa ɓata suna cikin laifuffuka, Shari'ar Musulunci kuma ta tsananta hukuncin ƙazafi. Amma ko babu tsoron kotu, mutumin da aka ɓata a jarida ya kan daɗe yana jin kunyar shiga masallacin unguwarsu, 'ya'yansa ma su sha gori.

Cikin 1998 ƙungiyoyin 'yan jarida, da editoci, da masu gidajen jaridu na Nijeriya suka taru a Ilori suka amince da ka'idodin aikinsu. Daga ciki akwai hana bayyana yaron da bai kai shekara 16 ba in ya shiga shari'ar laifi ko ta lalata, ko a matsayin wanda aka cuta, ko mai shaida, ko wanda a ke tuhuma. Akwai hana kutsawa cikin sirrin gidan mutum sai in maslahar jama'a ta tilasta. Akwai kuma hana ambaton ƙabilar mutum ko addininsa ta hanyar wulakanci. A aikace, kada a saka ƙabila ko addini cikin labari sai in labarin ba zai fahimtu ba sai da su. Mutum biyu da suka yi faɗa a kan iyakar gona, a kan gona suka yi faɗa. In aka rubuta ƙabilunsu a kanun labari, an gayyato dubban mutanen da ba su san inda gonar ta ke ba.

Mun ga abin da alƙalami ke iya jawowa. Cikin watan Nuwamba na 2002, lokacin da a ke shirin gasar sarauniyar kyau ta duniya a Abuja, jaridar ThisDay ta buga wani sharhi da ya ambaci Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta hanyar da Musulmi suka ɗauka cin mutunci ne. Jaridar ta nemi gafara fiye da sau ɗaya, amma tarzoma ta ɓarke a Kaduna, fiye da mutum 200 suka rasa rayukansu. Alhakin jini yana wuyan waɗanda suka zubar da shi, babu rubutun da ya halatta kashe wanda bai ji ba bai gani ba. Duk da haka darasin ga marubuci da edita a fili ya ke. Magana zarar bunu ce, kuma wanda ke rubuta wa ƙasa mai addinai da ƙabilu da yawa lalle ne ya san yadda maganarsa za ta sauka a kunnen kowa.

Goro da toshiyar baki

Wannan babi yana bukatar a yi magana a fili, ranku ya daɗe. Karamci al'adar sarauta ce. Baƙo in ya zo a kan ba shi ruwa da abinci, in zai tafi a yi masa sallama, kuma babu basaraken da ke son a ce ya yi rowa. Amma ɗan jarida da ya zo aiki ba baƙon gida ba ne, idon jama'a ne. Ka'idodin Ilori sun hana shi neman kuɗi ko karɓarsu domin ya buga labari ko ya danne shi. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Wanda ya karɓi ambulan yau ba zai iya rubuta cewa rijiyar burtsatsen da aka ce an gama ba ta ba da ruwa ba, wanda kuma ya saba karɓa, ran da aka hana shi sai ya rama da alƙalami.

Ruwan sha da tuwon da aka kawo wa kowa ba laifi ba ne. Kuɗi a ɓoye shi ne abin gudu. Ma'auni mai sauƙi shi ne, duk kyautar da mai bayarwa da mai karɓa ba za su so a ambace ta a ƙarshen labarin ba, toshiya ce. Yabon da aka saya kuwa mutanen gunduma sun san saye aka yi, domin su ke shan ruwan rijiyar.

Riƙon sirri, ƙage da gyaran kuskure

Wani lokaci mai ba da labari ya kan ji tsoron a ambaci sunansa. In ɗan jarida ya yi masa alkawarin sakaya shi, to, ya cika, ko da zai sha wuya. Cikin 1984 aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara ɗaya a ƙarƙashin Dokar Soja ta 4, saboda labarin da suka buga game da naɗin jakadu, ba su kuwa tona wanda ya ba su labarin ba. Amma sakaya suna ba ƙofar ƙage ba ce. Edita ya kamata ya san mutumin, a kuma gaya wa mai karatu dalilin da ya sa aka sakaya shi.

Ƙirƙirar labari ita ce babbar cin amana, manyan jaridun duniya ma ba su tsira ba. Cikin 1980 jaridar Washington Post ta Amurka ta buga labarin wani yaro ɗan shekara 8 da aka ce ya kamu da shan miyagun ƙwayoyi. Labarin ya ci lambar Pulitzer cikin 1981, sai ta bayyana cewa babu yaron, marubuciyar ce ta ƙaga shi. Jaridar ta mayar da lambar, ta kuma buga cikakken bayanin yadda aka ruɗe ta. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Kwashe rubutun wani a sa sunan kai shi ma sata ne.

Kuskure kuwa ba wanda ya fi ƙarfinsa. Jaridar kirki in ta yi kuskure ta kan gyara da wuri, a wurin da za a gani, ta faɗi abin da ta ce a dā da abin da ke daidai. Gyara ba ya rage mata daraja, ƙin gyara ne ke ragewa.

Abin da ya rataya a wuyan ofishin hakimi

Sashe na 22 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa jaridu da rediyo da talabijin aikin bin kadin gwamnati a madadin jama'a. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa ikon neman bayani a rubuce daga hukumomin gwamnati, ta kuma sanya kwana 7 a ba shi amsa. Saboda haka ɗan jarida da ya yi tambaya mai zafi bai yi rashin ladabi ba, aikinsa ya yi. Mu ma da ke watsa labaran gwamnati ka'idodin nan sun hau kanmu, domin ran da jama'a suka kama mu da ƙarya sau ɗaya, ba za su yarda da mu ba ran da muka ce su tafasa ruwan sha.

Babban jarrabawa ita ce labari marar daɗi. In amai da gudawa ko sanƙarau suka ɓulla, zuciya ta kan raya wa shugaba ya rufe, don kada sunan ƙasarsa ya ɓaci. Amma inda hukuma ta yi shiru jita-jita ke magana. Cikin watan Agusta na 2014, bayan da cutar Ebola ta shigo Ikko, wani saƙo ya bi wayoyin mutane cikin dare, cewa wai wanka da ruwan gishiri da shansa suna kare mutum. Kafin hukumomin lafiya su ƙaryata, jama'a da yawa sun aikata, an kwantar da waɗansu a asibiti, aka kuma ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum biyu. Yanzu duk mai waya a hannu ya zama mai buga labari, ta Facebook ko WhatsApp, ba tare da edita ba. Don haka ka'idar ganau da jiyau ta hau kan kowa, musamman magatakarda, wanda in ya tura saƙo mutane kan ɗauka daga bakin hakimi ya fito.

Ga abin da a ke roƙon kowane ofishi ya yi. Magatakarda ya ajiye littafi guda, duk labarin da ya iso ya rubuta rana da lokaci, da wanda ya kawo, da ko ganau ne ko jiyau. Hakimi ya keɓe mutum ɗaya da zai riƙa magana da manema labarai da yawunsa, don kada baki ya yi biyu. In an tambayi abin da ba a tabbatar ba, a ce, "Ba mu tabbatar ba tukuna, ka dawo da la'asar," a kuma cika alkawarin la'asar ɗin. Wakilin jaridar da ke yabo da na wadda ke suka duk a ba su bayani iri ɗaya. In jarida ta buga abin da ba haka ba, kada a aika dogari, kada a yi barazana. A rubuta wa edita takarda gajera, a nuna ranar da aka buga, da layin da ke kuskure, da abin da ke daidai, da hujja, a nemi gyara. In ya ƙi, kotu tana nan.

Gundumar da aka san ofishinta da faɗin gaskiya, mai daɗi da marar daɗi, ran da fitina ta taso hakiminta ya ce a kwantar da hankali, za a kwantar. Allah ya ja zamaninku, ya ba mu ikon riƙe amanar da ke hannunmu, amin.